Hular da Ta Cinye Kawu

Kawuna tsohon kwandastan mota ne, kuma har yau jikinsa bai san ya ajiye aiki ba. Duk ɗakin da ya shiga bakin ƙofa yake tsayawa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, hannu riƙe da saman ƙofar. A asibiti haka, a banki haka, a falon Innata ma haka. Ka miƙa masa kujera ya ce, "Bar wa fasinja." Ranar da ya bar tasha kuwa ya sa aka ɗinka masa wata hula doguwa, mai tsawon da ya fi ƙarfin hankali, wai zai rama shekarun da ya yi yana sunkuyar da kai a ƙarƙashin rufin mota. Tun daga ranar babu mahalukin da ya sake ganin tsakar kansa.

Ni kuwa mai hoto ne, kuma ba na ɓoyewa, ina da saurin fushi. Duk wanda ya taɓa ce wa mutum talatin "ku kalli nan" ya ga kowa ya kalli inda ransa ke so, zai gane daga ina na samo shi.

Inna ce ta tayar da maganar. Ta kira ni ta ce tana son hoto guda, babba, wanda kowa ke ciki: mu 'ya'yanta, matanmu da mazajen ƙannena, jikoki har na goye, da ƙaninta, wato Kawu, wanda shi kaɗai ya rage mata a cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Na ce to, a zo shagona, akwai labule da fitilu. Ta ce a'a, a falonta. Na ce to a tsakar gida. Ta ce a falonta ta ce.

Falon Inna kuwa, Allah na gani, lungu ne aka sa wa rufi. Doguwar kujera a jikin bango, kabad na kwanuka da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, wani ɗan teburi da take ta karo da shi tana zagin jikoki wai su ke matsar da shi. Ko na manna bayana da bango, rabin mutane kaɗai kyamarata ke ɗauka. Dole na nemo sabon ido. Gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara, mu ido muke ce masa, kuma akwai mai faɗi, wanda ke haɗiye ɗaki tun daga wannan bango har wancan. Shi na saya.

Aka taru ranar hutu da yamma. Na jera tsofaffi a kujera, Inna a tsakiya, matasa a tsaye, yara a ƙasa. Na ce Kawu ya zo kusa da yayarsa ya zauna.

Ya ce, "Nan ne wurina." Ya kama saman ƙofa.

"Kawu, ba tafiya za mu yi ba."

"Ɗauki hotonka, yaro, kada ka koya min tsayuwa."

Na ɗauka. Rana ta sauko daidai bayan kafaɗarsa, ta shigo ta ƙofar ta bugi gefen idon. Da na duba bayan kyamara, kowa ya fito tas, sai Kawu ne babu. A wurinsa wani farin dunƙule ne mai ƙafafu. Ya leƙo ya gani ya ce, "Au, fitila ka mai da ni?" Kafin in ce a sake, na goye ya tsala kuka, yara sun watse, ƙanwata ta tuna ta bar tukunya a wuta. Taron gidanmu in ya watse, ko 'yan sanda ba sa iya haɗo shi a ranar.

Maganin wannan haske sananne ne. Akwai wata baƙar aba kamar kofi marar gindi da ake sanya wa bakin idon, ta tare hasken da ke shigowa ta gefe, kamar yadda mutum ke ɗora tafin hannu a goshi in zai hangi nesa. Sunanta a wurinmu hula. Ina da guda a jaka, ta dogon idon da nake hango 'yan ƙwallo da shi. Bakinta ya zo daidai da na sabon, na murɗa ta shiga, na ce magana ta ƙare.

Aka sake taruwa, da ƙyar, bayan na sha baƙar magana a waya. Kawu ya kama ƙofarsa. Na ɗauka. Wannan karon hasken bai shigo ba, gaskiya, amma shi idon mai faɗi gani yake har gefen kunnensa, sai ya hango cikin hular da aka sa masa. Kusurwoyin hoton duk suka yi baƙi ƙirin. A na hagu kabad ne ya tafi, babu wanda ya yi kukansa. A na dama kuwa Kawu ne, daga ƙirji zuwa sama. Riga ce kawai a tsaye, babu kai.

Na so in shafe hoton in yi shiru. Inna ta ce ita ba ta gane kowa a 'yar tagar nan ta bayan kyamara, mutane kamar tururuwa, sai dai a wanko mata babba. Matata kuma ta ce a wanko mana, ai tsohuwa ta ƙagu, wa zai tsaya duba gefe? Na biye mata. Washegari Kawu ya zo gaishe da yayarsa ya tarar da shi a jingine a kan kabad.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ina kaina?"

 Matata ta ce ai ɗan baƙi-baƙi ne ya taɓa gefen. Inna, daga kujerarta, ta ce, "Wai wane baƙi kuke ta faɗa tun jiya? Ai haka hoto yake." Babu wanda ya kula ta, duk hankalinmu na kan Kawu.

"Jiya fitila, yau riga," in ji shi. "To ku saurara. Wallahi, in aka sake ɗaukar hoto a gidan nan ban fito da kaina da hulata ba, na daina taka ƙofar nan har in mutu."

Kawu kuwa ba ya rantsuwa ta wasa. Akwai direban da ya rantse ba zai sake gaisarwa ba tun ina ƙarami, har yau in sun haɗu sai ya gai da motar ya bar mutumin. Na dubi Inna. Shi ne yake zuwa mata kullum da safe, ya tsaya a ƙofa su yi faɗansu su rabu. In ya daina, ban san me zai rage mata ba.

Sai na yi sauri in yi bayani. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, abin mai sauƙi ne. Hular ce ta yi tsawo. Da zarar an samo gajera, shi ke nan."

Tirƙashi.

Ya saki ƙofa, abin da ban taɓa gani ba. "Hular wa?"

"Ba taka ba, Kawu. Ta ido."

"Ido ke sa hula? Yaya, kina jin ɗanki? Ni zai yi wa wasa da hankali? Hular nan ta shiga ofishin manya ba a ce ta yi tsawo ba, sai a akwatinka!"

Na zaro hular daga jaka don in nuna masa, amma ya riga ya kai titi.

Kafin rana ta faɗi maganar ta zagaye dangi, kuma babu wanda ta kai wa a miƙe. Gida ya rabu biyu. Wasu suka ce gaskiya Mai Hoto ya faɗa, hular nan ta daɗe tana tare wa mutane talabijin. Wasu suka ce rashin kunya ce, yaro ya dubi kawunsa ya ce ya rage hula. Wani ƙanina da ya yi karatun injiniya ya kira ni ya yi min dogon bayani kan yadda dogon abu ke jawo duhu zuwa kansa, kamar yadda dogon ƙarfe ke jawo tsawa. Na kashe wayar yana tsakiyar magana. Matata kuwa, wadda na zaunar na nuna wa hular kyamara da hannuna, ta gyaɗa kai ta ce ta gane sarai, ashe da safe ta tura wa Kawu tela da igiyar awo. Telan ya dawo takalmi ɗaya a hannu.

Na ga abin zai kashe ni, na je gidan Kawu da kaina na durƙusa. Na ce ba na neman ya yarda da ni, ya dai raka ni shagon da ake sayar da hular ya gani da idonsa. Ya ce zai je, don ya ga ƙarshen ƙaryata.

Shagon na can cikin layin masu gyaran waya, inda kowa ke gwada lasifika a lokaci guda. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, jakunkuna a rataye, ƙafafun kyamara a jingine a lungu, farin bango guda da ake ɗaukar hoton fasfo a jikinsa. Mai shagon irin mutanen nan ne da ke goyon bayan duk wanda ya yi magana a ƙarshe. Na ce masa hular ido mai faɗi nake nema. Ya jawo aljihun tebur ya juye su gaba ɗaya a gabanmu.

Kawu ya ɗauki ɗaya daga bakin ƙofa, ya leƙa ta ciki ya hango ni ta ɗaya ɓarin. "Wannan ce hula? Ina samanta? Ruwan sama fa?"

Mai shago ya ce, "Gaskiyar Baba, ba su iya yin su ba yanzu."

Na ce, "Malam, in tana da sama ta ina idon zai gani?"

Ya ce, "Wannan ma gaskiya ne."

Na ce a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na ja baya na saita farin bangon, yadda ƙofar shagon za ta faɗo a gefen dama kamar ta falon Inna. Ban ma ce wa Kawu komai ba, dama can yana tsaye a inda ake buƙatarsa. Muka fara da wata ta ƙarfe mai nauyi, zagayayya. Na ɗauka, Kawu babu kai. Mai shago ya ce ai ta ƙarfe ta fi ƙarko, sai in mutu in bar wa jikoki. Na ce ƙarkon me, tana cin mutane? Muka koma ta roba mai naɗewa. In an naɗe ta Kawu ya dawo amma haske ya shigo ya wanke shi, in an buɗe ta hularsa ta tafi har da gira. Wata gajera ta ƙyale fuskar ta ci rabin hular, Kawu ya ce wannan da tela suka haɗa baki.

Masu gyaran waya suka fara taruwa a waje. Duk ɗauka sai wani ya yi ihu, "Ya fito?" a ce, "Saura kai!" Wani mai sayar da bokiti ya ce a yanke gindin ƙaramin bokiti a sa, wani ya ce a rufe ƙofar kawai. Kawu ya juya ya ce duk wanda ya rufe masa ƙofa sai ya sauke shi a hanya. Ni kuwa gumi har cikin ido, raina ya kai maƙogwaro.

Can ƙarƙashin tarin na hango wata mai kama da wadda aka gutsuttsura. Bakinta ba zagayayye ba ne, kunnuwa ne da ita, biyu dogaye biyu gajeru, da gurbi a tsakaninsu. Na san ta, irinta ake yi wa ido mai faɗi, gurbin nan daidai kusurwoyin hoto yake faɗawa shi ya sa ba ta cin kowa. Mai shago ya ce wannan ai ta lalace ne, yana shirin zubarwa. Na ce ita nake so. Ya ce dama ita ce ta fi kowacce kyau a shagon.

Don sauri na sa ta a karkace, dogon kunne ya koma gefe. Na ɗauka, Kawu ya ɓace ɗungurungum, har takalmi. Jama'ar waje suka yi salati. Na murɗa ta har ta ce ƙas, dogayen suka koma sama da ƙasa, gajerun a gefe. Na sake ɗauka. Ga bango fari tas har kusurwa, ga Kawu, ga gira, ga hula har ƙololuwa, har da wani zare da ya zazzago a samanta.

Ya karɓi kyamarar ya duba ya duba. Ya ce, "Hular da ɓera ya ci, ita ce ta san mutunci."

Taro na uku sai da na yi rantsuwa ni ma kafin mutane su zo. Rana ta sauko bayan kafaɗar Kawu kamar kullum, ta nemi hanya ta rasa. Na ɗauka har sau da yawa, na duba kowace kusurwa. Washegari na wanko hoton babba, faɗinsa ya kusa kai doguwar kujera, na sa a firam, na kira kowa ya zo ya gani. Na rataye shi a bangon da ke fuskantar kujerar Inna, ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe.

Aka yi ta shewa. Kawu daga ƙofa ya miƙa wuya ya ga kansa, ya gyara zaman hula. Na ce, "Inna, ga shi nan. Kowa da kowa."

Ta zuba wa hoton ido. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Ɗan nan, ka sake cinye shi."

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. "Haba Inna, ga shi can a dama, har zaren hularsa."

Ta juya kanta gaba ɗaya, a hankali, kamar mai bin layin rubutu, har ta kai ƙarshen firam ɗin. "Yauwa, ga Auta," ta ce. Haka take kiran Kawu. Sai fuskarta ta canza. "To ina ku kuma? Yanzu fa kuna nan." Ta dawo da kai tsakiya. "Ga ku. To shi ya tafi." Ta sake komawa dama, ta sake dawowa. "In na samo shi sai in rasa ku, in na samo ku sai in rasa shi. Ni cewa na yi a haɗa min ku wuri guda. A falon ma haka kuke min, kowa ya laɓe a gefe cikin duhu sai dai in ji murya. Na ce ko a hoto za ku tsaya."

 Na dubi ɗan teburin nan da take karo da shi, a gefen kujerarta, inda yake tun ina yaro, babu jikan da ya taɓa matsar da shi. Na tuna ranar da muke ta ihun baƙi ta ce wane baƙi. Na ɗaga hannuna a gefen fuskarta, kusa da kunne, na kaɗa yatsu. Ba ta ƙifta ba. Kunya da tsoro suka rufe ni lokaci guda, ni da nake cika baki da sanin ido.

Matata ta ce a hankali, "Ko hular ce har yanzu?"

Na ce, "Ba hula ba ce. Ido ne." Na juya ga Inna. "Gobe da sassafe za mu je asibiti, Inna."

"Asibitin me? Ni hoto na ce."

Na waiga na dubi Kawu. Kullum da safe yana zuwa ya tsaya a ƙofar nan, a can gefe, su yi ta faɗa, ashe muryarsa kawai take samu. Na ga hannunsa ya sauko daga saman ƙofa. Ya shigo da ɗayar ƙafar. Ya tako har gaban kujerarta ya tsaya daidai saitin fuskarta.

"Yaya, kina ganina?"

"Ina ganin rigarka. Kai kuma ka yi tsawo da yawa."

Ya sa hannu ya cire hular, ya miƙa wa matata ba tare da ya kalle ta ba. Kansa sanƙo ne fes, ɗan ƙarami, da wani tsohon tabo inda rufin mota ya taɓa sararsa. Babu wanda ya yi dariya, har yara. Ya zauna kusa da ita a doguwar kujera, ya matsa har kafaɗarsu ta haɗu.

Sannan ya buga hannun kujerar da tafin hannu, bam bam, ya ɗaga tsohuwar muryarsa ta tasha. "To, a matso! Kowa tsakiya! Ke, ɗora yaron a cinya. Kai injiniya, rage ƙafa, ba kai kaɗai ba ne. Akwai wuri, na ce akwai wuri! Ku na gefe, wa kuke jira? A shigo ciki!"

Suka dunƙule a jikinta, wani kan wani, gwiwa a bayan wani, kai a ƙarƙashin haɓar wani, har mutum talatin suka shige inda da mutum biyar ke zama. Inna na tsakiya tana faɗan an taka mata zane, hannunta riƙe da hannun rigar Auta.

Na kwance ido mai faɗi da hularsa mai kunnuwa na mayar jaka, na ɗaura tsohon idona na kullum. Na leƙa, duk sun shiga, har da sauran wuri a gefe.

Kawu ya ce, "Mota ta cika. Ja mu je, yaro."